Wa Ke Riƙe Da Gindin Kiɗa? Daga Gangar Noma Zuwa Jitar Bes

A ƙarshen daminar bara muna zaune a teburin mai shayi, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kano zuwa Ɗambatta, bayan sallar isha'i. An riga an yanke gero, dawa kuma tana jiran lokacinta. Wani saurayi ya ciro wayarsa ya kunna wani tsohon kiɗan noma da aka turo masa ta WhatsApp, ya miƙa wa wani dattijo da ke gefen benci, wanda kowa a wurin ya san ya yi shekaru yana kaɗa gangar noma kafin ƙarfi ya ƙare masa.

Dattijon ya kara wayar a kunne, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To ina gangar?"

Saurayin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ga ta nan ana kaɗawa."

Dattijon ya girgiza kai ya mayar masa da wayarsa. Ya ce, "Yaro, wannan ƙarar sanda ce a kan fata. Gangar ba ta zo ba."

Mun yi dariya tare da kowa a daren. Sai daga baya muka gane cewa dattijon nan ya yi sharhin kiɗa mai nauyi a cikin kalmomi kaɗan. Akwai wani sashe na kiɗa da ƙirji da tafin ƙafa ke ji kafin kunne ya ankara da shi. Shi ne sautin ƙasa, mai kauri, wanda sauran sautuka ke zaune a kansa. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suna kiran amshin da ake komawa gare shi "gindin waƙa". Mu ma za mu ari wannan kalma mu kira wancan sauti gindin kiɗa. Abin da muke son nunawa shi ne, muna cikin rasa wannan gindi, a kunnuwanmu da kuma a rubuce-rubucenmu, kuma mun daɗe muna raina masu riƙe da shi. Don mu ga lamarin sosai, za mu fara zagayawa wata ƙasa mai nisa, wurin wasu makaɗa da suka mayar da sautin ƙasa jarinsu.

Mutumin da ke bayan dandamali

Akwai wani nau'in kiɗan Turawa da ake kira hebi metal, wato kiɗan ƙarfe mai nauyi. Ba tallarsa muke yi ba, kuma mun san da yawa daga cikin masu karatu ba za su iya jure ƙararsa na minti biyar ba. Tsarin aikin makaɗansa ne abin dubawarmu.

Yawancin masu bin tarihin wannan kiɗa suna danganta farkonsa da ƙungiyar Black Sabbath, wadda samari huɗu suka kafa a birnin Birmingham na Ingila a 1968, ta fitar da faifanta na farko a 1970. Birmingham gari ne na masana'antu da maƙera. Mai jitar ƙungiyar, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe tun yana ɗan shekara 17. Daga baya ya riƙa sassauta tsirkiyoyin jitarsa don ya rage wa yatsun zafi, sai sautin ya ƙara kauri da duhu. Abokinsa Geezer Butler, mai kaɗa jitar bes, shi ma ya sassauta nasa don su daidaita.

Jitar bes ta fi jitar da muka saba gani tsawon wuya, kuma yawanci tsirkiya huɗu gare ta, masu kauri. Kamfanin Fender na Amurka ne ya yaɗa ta a kasuwa daga 1951. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya, alhali mafi kaurin tsirkiyar jita tana yin kamar sau 82. Gwargwadon ƙarancin kaɗawar, gwargwadon zurfin sautin. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya gaza kimanin sau 20, don haka mai bes yana aiki ne a kusa da iyakar abin da kunne ke iya kamawa.

Aikinsa shi ne ya haɗa mai ganga da mai jita. Yana bin bugun babbar gangar da ake takawa da ƙafa, yana kuma bin guntun karin da mai jita ke maimaitawa, wanda za mu iya kira taken jita. Idan ya riƙe wurinsa daidai, sai ganga da jita su zama kamar abu ɗaya mai nauyi. Idan mai jita ya tafi nuna gwaninta a can sama, mai bes ne ke zama a ƙasa ya tsare gida, don kada waƙar ta zama fanko. Mafi yawan 'yan kallo idonsu na kan mawaƙi da mai jita. Ba sa lura da mai bes sai ran da ya yi kuskure ko ya yi shiru.

Masu haƙuri da masu kutse

Idan aka saurari manyan masu bes na wannan kiɗa, za a ga sun kasu gida biyu.

Gida na farko shi ne na masu haƙuri. Misalinsu Ian Hill na ƙungiyar Judas Priest, wadda ita ma daga yankin Birmingham ta fito. Fiye da shekara 50 yana tsaye a gefen dandamali, yana buga sauti ɗaya-ɗaya a kan bugun ganga, ba ado, ba neman a tafa masa. Mawaƙa da masu ganga sun shiga sun fita a ƙungiyar, shi yana nan. Wanda bai san kiɗa ba zai ce aikin nan kowa ma zai iya. To amma maimaita abu ɗaya na minti shida ba tare da gaggawa ko jan ƙafa ba, alhali kowa a gefenka yana tashin ƙura, horo ne da ba kowane hannu ke da shi ba.

Gida na biyu shi ne na waɗanda suka ƙi zama a baya. Steve Harris shi ya kafa Iron Maiden a birnin Landan a 1975, kuma shi ne ya tsara yawancin waƙoƙinta. Da yatsu biyu yake kaɗawa, kuma an san shi da wani salo mai kama da sukuwar doki: bugu ɗaya mai tsawo, biyu gajeru, a maimaita da sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar hawan sallah ya ji kofato a kan ƙasa, zai gane wannan kari da jin farko. Lemmy Kilmister na Motörhead, wanda ya rasu a 2015, yana kaɗa bes kamar mai kaɗa jita, yana kuma sa na'ura ta ƙara masa gurnani da ƙaiƙayi har sautin ya fito fili. Cliff Burton na Metallica kuwa an ba shi fili shi kaɗai a faifan ƙungiyar na farko a 1983, ya nuna cewa bes ma na iya jan ragamar waƙa. Ya rasu a haɗarin mota a ƙasar Suwidin a watan Satumba na 1986, yana da shekara 24.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa shi ne darasin da ya fi shafar mu. Ƙungiyar ta ɗauki Jason Newsted a madadinsa, ta fitar da faifai mai suna …And Justice for All a 1988. Newsted ya kaɗa nasa kason, amma da aka zo haɗa sauti sai aka rage muryar bes ɗin har ta kusa ɓacewa. Wanda ya yi aikin haɗa sautin ya faɗa daga baya cewa mai gangar ƙungiyar, Lars Ulrich, shi ya nemi a rage. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai, waƙoƙinsa kuma suna da ƙarfi, amma sautinsa a bushe yake, kamar tuwon da aka ci ba miya. Har yau masu son ƙungiyar suna gardama a kan wannan, wasu ma sun sake haɗa waƙoƙin da kansu sun ɗaga muryar bes ɗin sun sa a YouTube.

A lura da abin da ya faru a nan. An zalunci makaɗi ɗaya, masu sauraro suka ji a kunnensu, suka san sunansa, suka yi ta magana fiye da shekara 30. Wannan al'adar sauraro ce muke sha'awa, kuma ita ce muke tambayar ko muna da irinta.

Namu gindin

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, daga Dawakin Tofa da Minjibir zuwa Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, ƙasa ce da gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazarinta tun shekarun 1960, yana mamakin yadda ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Amsar tana cikin taki da tokar da ake kai wa gona da rani, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, da kuma yawan hannuwa. A irin wannan wuri lokaci ne abu mafi tsada. Idan ciyawa ta riga ka a noman firi, ka yi asarar shekara. Nan ne gayya ta samo muhimmancinta, nan ne kuma gangar noma ta samo aikinta.

Mai gona ya kira gayya, a dama fura, a tuƙa tuwo, a sayi goro. Samari su jeru, kowa da kunyarsa. Makaɗi na bin su a baya da babbar ganga rataye a kafaɗa, yana yi wa kowane gwani takensa, ana yi masa kirari. Sautin gangar nan yana da kauri, kuma sauti mai kauri ya fi siriri tafiya nesa, yana ratsa shingen kara da duhuwar itatuwa. Shi ya sa mutanen ƙauyen gaba ke sanin ana gayya tun kafin a aiko musu. Manomin da ya duƙa a kan garma ba ya kallon makaɗi, kuma sau da yawa ba ya rarrabe kalmomin waƙar. A jikinsa yake jin bugun, da shi yake auna saransa.

Wannan aiki yana buƙatar hankali. Idan makaɗi ya yi gaggawa, zai kwantar da majiya ƙarfi kafin azahar. Idan ya yi sanyi, rana ta faɗi ba a kai ƙarshen gona ba. Dole ya san lokacin da zai zuga da lokacin da zai sassauta, yana karanta bayan mutane da guminsu.

Sai dai a nan akwai bambanci da bai kamata mu tsallake ba, don kada kwatancen ya zama na son rai. A kiɗan ƙarfe, mai sauti mafi kauri shi ne mai tsaron gida, masu siririn sauti su ne masu magana. A kiɗan noma abin ya juya. Babbar ganga mai kauri ita ce ke magana, ita ke faɗin take, ita ke canza salo. Ƙaramar ganga mai siririn sauti, kazagi, ita ce ke riƙe da awo ba ta motsawa. Haka abin yake a rukunin masu kalangu: babban kalangu na bin hawa da saukar muryar Hausa yana zance, ƙananan ganguna irin su kurkutu suna tsare da ma'auni. Wato abin da mai bes ke yi shi kaɗai, mu mun raba shi biyu: muryarsa tana wurin mai gangar noma, haƙurinsa yana wurin mai kazagi. A kiɗan ƙwarya na mata ma, irin wanda Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada suka yi suna da shi, akwai ƙwaryar da ake kifewa a kan ruwa don ta ba da sauti mai zurfi, sauran ƙore na yi mata ado. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen irin waɗannan kayan kiɗa da matsayinsu a wani ƙamus da suka buga a 1971, kuma wanda ya duba shi zai ga yadda kakanninmu suka rarraba aikin kiɗa daki-daki, kowane hannu da sunansa.

Harshenmu ya tona mana asiri

To yaya muka ɗauki waɗannan masu riƙe da awo? Amsar tana bakinmu. Idan muna son mu zagi ɗan majalisar da ba ya musa wa gwamna, sai mu ce "ɗan amshin Shata". Idan muna son mu wulaƙanta mai goyon bayan wani ido rufe, sai mu ce "ɗan kanzagi". Sunayen sana'o'i biyu ne muka ɗauka muka mayar da su zagi.

Mu tsaya mu dubi me 'yan amshin Shata suke yi a zahiri. An san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban jama'a. Me ya ba shi wannan dama? Duk lokacin da ya ajiye ɗa, 'yan amshi na karɓa da layi ɗaya da ba ya canzawa, masu kalangu kuma na riƙe da karin. A cikin wannan ɗan taƙin yake shaƙar numfashi, ya dubi taro, ya ga wanda ya shigo, ya ɗinka ɗa na gaba. Da 'yan amshi za su makara da rabin bugu, ko su riga shi, da zaren tunaninsa ya tsinke. 'Yancin da muke yaba wa Shata a kan haƙurin waɗannan mutane aka gina shi. Aikinsu ɗaya ne da na Ian Hill: su tsaya cik don wani ya samu filin yawo.

Kuma zaman baya makaranta ce. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya fara, sannan ya yi zama a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya ja nasa rukunin. Duk wanda ya saurari yadda amshi ke karɓeɓeniya a waƙoƙinsa, yadda muryoyi ke shiga cikin juna a kan kotso, ya san wannan aikin wanda ya daɗe a sahun baya ne.

Duk da haka, mu gwada kanmu. Mu nawa ne za mu iya kawo sunan makaɗi ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wa Shata kalangu? Mai gabatar da shiri a rediyo zai ce "ga waƙar wane", kamar shi kaɗai ya shiga ɗakin ɗaukar murya. An yi aiki mai kyau a kan tarihin mawaƙa, kamar littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, da jerin ayyukan Farfesa Gusau. Amma mu masu sharhi a mujallu da kafafen sada zumunta, kusan kullum kalmomi muke bi: habaici, zambo, kirari, azanci. Mun mayar da waƙar baka tamkar rubutacciyar waƙa da aka yi kuskuren rerawa. Kiɗan kuwa sai mu sallame shi da jimla ɗaya, mu ce "ya yi daɗi".

Fiyano da waya

Abubuwa biyu ne suka ƙara nisanta mu da gindin kiɗa a zamanin nan.

Na farko shi ne sauyin da ya zo da finafinan Hausa a ƙarshen shekarun 1990. Fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 yana cikin waɗanda suka kafa wannan sauti a kunnen jama'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan juyi. Mutum ɗaya a gaban fiyano ya zama shi ne mai kalangu, mai kazagi, mai sarewa. Ba mu ga laifin wannan ba ta fuskar sana'a: ya sauƙaƙa kuɗi, ya buɗe wa dubban matasa hanyar abinci, kuma a cikin masu fiyanon nan akwai gwanaye na gaske. Abin da aka rasa shi ne tattaunawa. Na'ura ba ta gaggawa, ba ta jan ƙafa, amma kuma ba ta duban bayan manomi ta ga ya gaji. Awon da aka saita a farkon waƙa shi ne har ƙarshe. A yawancin waƙoƙin nanaye, layin ƙasa wani abu ne da ake dannawa a manta da shi, hankali duk yana kan muryar da aka tace ta koma siririya.

Na biyu shi ne abin da ke hannunka yanzu kana karanta wannan sharhi. Lasifikar waya ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba. Don a fitar da sauti mai kauri dole a tura iska mai yawa, ita kuwa ba ta da wannan ƙarfin. Sautin da ke kaɗawa sau 41 ko sau 80 a daƙiƙa ba ya fita daga cikinta. Abin da ke isowa kunne shi ne ɓangaren sama na bugun, wato taɓawar sanda a kan fata. Dattijon nan na teburin mai shayi bai karanta kimiyyar sauti ba, amma abin da ya faɗa daidai yake da abin da injiniya zai faɗa. Wayarmu tana yi wa kowace tsohuwar waƙa abin da aka yi wa Jason Newsted a 1988, kuma ba wanda ke ƙorafi.

Daga nan abin ya zama zagaye. Mai haɗa sauti ya san a waya za a ji aikinsa, sai ya tura komai sama. Yaron da ya tashi da wannan sauti bai san akwai abin da ya ɓace ba. Gayyar da zai je ya ji ganga a ƙirjinsa ita ma tana ja da baya: gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, maganin feshi ya rage noman hannu, shanun huɗa da ƙwadagon kuɗi sun maye gurbin taron dangi, samari da yawa kuma suna birni suna neman na kansu. Ba mu ce a koma wahalar jiya don a ji kiɗa ba. Amma ya kamata mu san cewa idan aikin da ya haifi kiɗa ya ƙare, kiɗan ba ya rayuwa sai an yi niyyar riƙe shi.

Akwai misali daga maƙwabta da ya nuna hanyar na iya juyawa. Mdou Moctar, mai jita daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin sautin situdiyon waƙoƙin Hausa na lokacin. Ta katin waya da bulutut waƙoƙin suka yaɗu a Sahel. Da ya fara hawa manyan dandamali a Turai da Amurka, sai ya tsaya da cikakken rukuni, har da mai bes, Mikey Coltun, wanda kuma shi ne ke tsara musu sauti. Wanda ya saurari kundinsu Afrique Victime na 2021 zai ji yadda jitar ke tashi sama ba fargaba, saboda akwai mai tsaron ƙasa.

Inda za a iya musa mana

Wani zai ce, ai Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, siririn sauti, ba ganga ba amshi, kuma ba wanda ya ce waƙarsa ba ta cika ba. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna ba kowane kiɗa ke buƙatar kauri ba. Amma a sake saurarensa. Hannunsa na dama bai taɓa sakin awo ba, ko da bakinsa na ba da labari mai sarƙaƙiya. Shi ne mawaƙi, shi ne kazagin kansa. Kaurin ne babu, riƙon yana nan.

Wani kuma zai ce, kalma ita ce ran waƙar Hausa, don haka daidai ne sharhi ya bi kalma. Mun yarda kalma ce a gaba. Sai dai a harshe irin namu, mai hawa da saukar murya, inda kalangu ke iya kiran sunan mutum ya waiwayo, raba kalma da kiɗa aiki ne na ganganci. Wanda ya nazarci taken manomi a takarda kawai, bai ji nauyin gangar da ta sa mutumin ya ƙara duƙawa ba, rabin abin ya nazarta.

Abin da ke hannunmu

Ba abu mai tsada muke nema ba. Mai sharhi, idan zai yi rubutu a kan waƙa, ya tambayi wa ya kaɗa, ya rubuta sunansa, ya faɗi abin da ya yi daidai da inda ya gaza. Mai gabatar da shiri a rediyo ya ƙara daƙiƙa goma ya ambaci makaɗa idan an san su. Mawaƙin zamani ya sa sunan mai fiyano da mai haɗa sauti a jikin waƙarsa a inda za a gani. Ɗaliban Hausa a Jami'ar Bayero da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, waɗanda ƙauyukan nan ke kewaye da su, su je wurin sauran masu gangar noma da na'urar ɗaukar sauti mai kyau, su ɗauki babbar ganga daban, kazagi daban, su tambayi kowa wa ya koya masa. Mai sauraro kuma, ko sau ɗaya, ya sa iyafis ko ya haɗa wayarsa da babbar lasifika, ya kunna tsohuwar waƙar da yake ganin ya haddace, ya ƙyale mawaƙin, ya bi abin da ke gudana a ƙasa.

A daren nan, kafin mu tashi, mai shayin ya karɓi wayar ya haɗa ta da lasifikar da yake kunna wa masu kallon ƙwallo. Aka sake kunna kiɗan. Kofunan da ke kan tebur suka ɗan yi rawa. Dattijon ya saurara, yana buga gwiwarsa da yatsu biyu, sannan ya ce, "Yanzu ta leƙo." Muka tambaye shi, "Baba, wa yake yi maka kazagi a lokacin?" Ya faɗi sunan mutumin da na ƙauyensu, ya ce sun yi shekara ashirin da wani abu tare, kuma bai taɓa waiwayawa ya ce masa ya ƙara ko ya rage ba. Ya ce ya rasu shekaru uku da suka wuce, ya yi masa addu'a, muka ce amin. Samarin da ke wurin, 'yan garin su ma, suka ce ba su taɓa sanin mutumin ya yi kiɗa ba.